Taswirar da Faransa ta fi Afirka girma

Na daɗe ina nuna wa ɗalibaina na labarin ƙasa taswirorin Worldmapper, aikin da Danny Dorling da Mark Newman da abokan aikinsu suka fitar a 2006. Irin taswirar nan ce da ake kira katogiram: ba a ba ƙasa girma gwargwadon faɗinta, sai gwargwadon wani adadi, ko yawan jama'a, ko dukiya, ko cuta. Daga baya na ga ya kamata in zana tawa da hannuna, don in san abin da ke ƙarƙashin hoton.

Kayan aikin duk kyauta ne: manhajar QGIS, da zanen iyakokin ƙasashe, da jadawalin alƙaluma. Sharaɗin farko, a fara da taswirar da ta ba kowace ƙasa ainihin faɗinta. Ta Mercator, wadda aka zana tun 1569, ba za ta yi ba, domin a kanta Girinlan na kusan kai Afirka, alhali Afirka ta ninka ta kusan sau 14. Na biyu, a haɗa jadawali da taswira ta lambar ƙasa mai haruffa uku, ba ta suna ba. NER Nijar ce, NGA Najeriya ce, wanda ya yi sakaci a nan zai ɗora wa Yamai mutanen Legas.

Lissafin zana katogiram da Michael Gastner da Newman suka wallafa a 2004 mai sauƙin ganewa ne. Kamar hayaƙin turaren wuta ne a ɗaki, yana barin inda ya yi kauri yana bazuwa har ko'ina ya daidaita. Haka adadin ke bazuwa daga inda ya cunkushe, yana tura iyakoki waje, inda babu kuma sai ya motse.

Da yawan jama'a na fara. Indiya da Sin, kowacce da mutum sama da biliyan 1.4, suka cika fiye da kashi ɗaya cikin uku na taswirar. Rasha da Kanada suka zama siraran zare a sama, Ostareliya ta tsotse. Abin da ya fi ba ɗalibai dariya shi ne maƙwabta: Nijar ta fi Najeriya faɗin ƙasa, murabba'in kilomita kusan miliyan 1.27 a kan dubu 924, amma a nan Najeriya mai mutum fiye da miliyan 200 ta yi tumbi, Nijar ta zama 'yar hula a kanta.

Ta yawon buɗe ido ce ta riƙe ni. Na ɗauki alƙaluman 2019 na hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da harkar, wadda ke Madrid, saboda ita ce shekarar ƙarshe kafin korona ta zubar da tafiye-tafiye da fiye da kashi 70 cikin ɗari. A shekarar an ƙirga shigar baƙi kusan biliyan 1.5. Faransa ta samu kimanin miliyan 90, Sifaniya sama da 83, Amurka wajen 79. Turai ta kwashe fiye da rabi, Afirka kuwa kusan kashi 5. Da hoton ya fito, Faransa ita kaɗai ta fi nahiyarmu girma, ko da an haɗa mana da Masar, wadda hukumar ke lissafawa a Gabas ta Tsakiya. Afirka ta koma kai da ƙafa, Maroko da Masar a sama, Afirka ta Kudu a ƙasa, tsakiya kuwa sai ka matso da ido.

Wani ɗalibi ya ce ashe Turawa ne kaɗai ke yawo. Tambayarsa ce ta sa na koma na karanta abin da ake ƙirgawa. Ba mutane ba ne, tsallaka iyaka ne tare da kwana. Bajamushen da ya tuƙa mota na awa biyu ya kwana a Ostiriya ya shiga lissafi, in ya koma sau biyar a shekara a rubuta biyar. Wanda ya tashi daga New York zuwa Kalifoniya bai shiga ba, haka ɗan kasuwar da ya yi kilomita dubu daga Kano zuwa Legas. Turai ƙananan ƙasashe ne manne da juna, dole ta kumbura. Masu zirga-zirga tsakanin Katsina da Maraɗi kuwa, da yawansu babu takardar da ta san da wucewarsu. Kuma ba mai hutu a bakin teku kaɗai ake nufi ba. Mai zuwa asibiti a Alƙahira da mai ziyarar dangi da alhaji duk suna ciki, shi ya sa Saudiyya ta fito da ƙiba.

Sai matsalar gurbin da babu adadi. Wasu ƙasashe sukan yi shekaru ba su aika alƙaluma ba. In ka sa sifili, ƙasar ta ɓace, mai kallo ya ɗauka ba mai zuwa can. Ni na bar su da kimantawa daga shekarar da ta fi kusa, na shafa musu toka-toka, na rubuta dalili a ƙasan taswira. Na kuma gane cewa jimla kaɗai ke dacewa da wannan zane. Kaso, kamar baƙi nawa ga kowane mutum dubu, da launi ake nuna shi, ba da girma ba.

Yanzu ba na rataye katogiram ita kaɗai. Ina ajiye ta gefen taswira ta yau da kullum, kowace nahiya da launi iri ɗaya a duka biyun, in ba haka ba rabin darasi zai tafi wajen neman Italiya. Ta gaba da nake haɗawa ita ce ta kuɗin da baƙi suka kashe, inda Amurka ke sha gaban Faransa da tazara mai yawa.