Godiya bayan sunan 'yata

Alhamdulillahi, jiya aka yi suna a gidanmu da ke Tudun Wada, Zariya, bayan shekara 6 da aure. Duk wanda ya tako, ko ya aiko, ko ya yi mana addu'a daga nesa, Allah Ya saka da alheri.

Godiyata ta musamman ga likitar mata da ta duba ni a asibitin koyarwa na Shika. Na je mata da kukan rashin haihuwa da al'adar da sai ta yi wata uku ba ta zo ba. Ita kuwa sai ta ce in sassauta mayafi, ta dubi wuyana. Baƙin nan mai kauri da na sha gogewa da soso har fata ta yi ja, wanda ake min gori a kai wai datti ne, ta ce alama ce jikina ba ya jin insulin, sinadarin da ke daidaita sugan jini, yadda ya kamata. Idan insulin ya yi yawa a jini, yana ingiza ƙwayayen mace su ƙara fitar da sinadarin maza, shi ya sa gashi ya fito min a haɓa, ƙwai kuma ya ƙi fita a kan kari. Hoton ciki da gwajin jini suka tabbatar PCOS ce, wato sunan wannan lalurar ta rikicewar sinadaran jikin mace.

Na gode wa baiwar Allahn da ke ɗakin gwaji. Na isa da sassafe ban karya ba, ta ɗebi jini, ta ba ni ruwan suga mai giram 75, zaƙinsa har tashin zuciya, ta zaunar da ni awa biyu tana leƙo ni. Na farko ya fito lafiya lau, da a kansa aka tsaya da an sallame ni. Na bayan awa biyu ne ya haura 7.8 da ke iyakar lafiya a ma'aunin sugan jini, bai dai kai 11.1 na ciwon suga ba. Wannan takarda har yau tana cikin jakata.

Aka ɗora ni a kan metformin, maganin rage sugan jini, makonnin farko cikina ya sha wuya. Maigida, kai ka bar lemon kwalba saboda ni, ka riƙa raka ni tattaki bayan sallar asuba har cikin hunturu. Hajiya surukata, ke kika rage min malmalar tuwo kika cika min kwano da zogale, kuma ko sau ɗaya ba ki bari a yi min maganar haihuwa a gabanki ba. Hajiya, ba ni da bakin gode miki.

Yaya, ke kika biya kuɗin gwajin nan ranar da babu, kika ce kar in faɗa wa kowa. Ki yafe min, na faɗa.

Likita ta ce in koma a sake awon suga bayan na yi arba'in, ku sa ni a addu'a. Jaririya na nan lafiya, tana ta barci.