Jar hula goma sha biyu

A watan Janairun 2023 muka ɗauki fim ɗin, ana saura 'yan makonni zaɓen 25 ga Fabrairu. Ni ke riƙe da kayan sawa. Labarin wani ɗan takarar gwamna ne da aka tare ayarinsa a hanya. Tun a ofis darakta ya ja mana kunne: kada tsintsiya ko lema su shiga kyamara, ko a bayan ƙofa ne. Jam'iyyarmu ta ƙirƙira ce, tambarinta tulu. Duk wannan na kiyaye.

Hula ce ta kayar da ni. 'Yan jagaliyar da za su kai harin su goma sha biyu ne, na so a riƙa gane su daga nesa cikin hazo, sai na sayo musu jar hula iri ɗaya. Ni da aka haifa a Kano! Yaro ma ya san jar hula a garin nan alamar Kwankwasiyya ce, kafin nan kuma da ita aka san Malam Aminu Kano. Wallahi kala kawai na gani.

Kwana biyu muna hanyar Tiga, motocin haya, bindigogin katako, ƙura har cikin haƙori. Babu wanda ya tanka, kowa hankalinsa na kan motar da za ta faɗa rami. Sai a ɗakin tacewa edita ya tsayar da hoton, ya juyo ya ce, "Yaya, wa kuke nufi da waɗannan?" Gabana ya faɗi. Furodusa ya ce ko da kuɗi aka haɗa shi ba zai fitar da wannan ba, kuma gaskiyarsa ne.

Ba mu samu komawa ba sai Afrilu, cikin azumi. Hazo ya tafi, sama ta yi tas, hoton ya ƙi haɗuwa da na baya. Jarumin ya aske gemu, sai na jabu muka liƙa masa, gumi na ɓanɓare shi. Mutum talatin da ƙishirwa a rana saboda hulunana. Wannan ne har yau yake ci mini rai.

Yanzu kafin a fita aiki, shimfiɗa kayan nake a tabarma, in kira wani da ba ɗan fim ba, mai shayi ko direba, in tambaye shi wa ya gani. Hulunan kuwa suna nan cikin buhu, ban sake buɗe shi ba.