Gyaran keke a bakin gari: masu zuwa aiki da masu motsa jini

Shagona na sayar da keke da gyaransa yana bakin garin Birnin Kebbi, ta wajen Gwadangaji, inda gidaje suke fara raguwa gonaki su karɓa. A hannun kawuna na koyi aikin, lokacin da in an ce keke ana nufin Raleigh ko Phoenix mai taya inci 28, da kariya a baya wadda za ta ɗauki buhun gero ba ta lanƙwashe ba. Da babur ɗan China ya cika gari sai sana'ar ta yi sanyi. Da yawa daga cikin abokan aikina sun koma facin tayar babur, ni ma rabin cinikina a wancan lokacin kekunan yara ne.

Abin ya juya ne bayan 29 ga Mayu, 2023, ranar da Shugaba Bola Tinubu ya ce tallafin fetur ya ƙare. Litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce 1,000. Mutumin da ya gina gida a bayan gari don fili ya fi araha, shi ne ya fi jin jiki, domin komai nasa yana cikin gari: ofis, kasuwa, makarantar yara, asibiti. Sai aka fara ciro tsofaffin kekuna daga zaure da bayan rumbu, taya ta bushe, sarƙa ta yi tsatsa, ana kawo mini ana cewa, "Malam, duba ko wannan zai tashi." Mafi yawansu suna tashi. Tsohon ƙarfe ba ya mutuwa da wuri. Sabon tiyub, giris a boris, a ɗaure sifoka a daidaita wili, shi ke nan.

Akwai kuma wasu masu zuwa da ba fetur ne ya koro su ba. Waɗannan suna da mota a gida, likita ne ya ce hawan jini ko ciwon suga ya fara leƙowa, a nemi hanyar zufa. Wani ma'aikacin lafiya da nake yi wa gyara ya gaya mini cewa Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba baligi shawarar ya motsa jiki aƙalla minti 150 a mako, wato rabin awa a kwana biyar. Da an sallame asuba za ka gan su a bakin titi, wasu a guje, wasu suna tafiya da sauri, mata rukuni-rukuni cikin hijabi da takalmin kambas, matasa a kan keke suna miƙa hanyar Argungu har Zauro ko Ambursa su juyo. Masu son fili suna shiga filin wasa na Haliru Abdu a cikin gari, amma wanda yake zaune a nan, kafin ya je can ya dawo rana ta yi. Daga Maris zuwa Mayu zafinmu yana wuce digiri 40, wanda bai fita da sassafe ba sai dai ya jira la'asar sakaliya. Da azumi kuwa sai bayan tarawihi.

Inda nake yawan sa-in-sa da masu saye shi ne wurin zaɓe. Mutum ya ga 'yan tseren keke na Faransa a waya, ya zo yana neman irin nasu, mai siririyar taya da kai lanƙwasasshe. Nakan ce, "Alhaji, daga ƙofar gidanka zuwa kwalta mene ne a ƙasa?" Ya ce yashi. To, a nan maganar ta ƙare. Unguwanninmu na bayan gari ba a shimfiɗa musu kwalta ba, siririyar taya tana nutsewa a rairayi, mahayi ya sauka yana turawa. Ga tsaida da ƙayar aduwa da ta bagaruwa a gefen hanya, waɗanda suke huda irin wannan tayar tun a fitar farko. Abin da ya dace da nan shi ne keke mai faffaɗar taya inci 26, mai giya ko marar giya. Na fi samun riba a kan wancan mai tsadar, amma bayan mako biyu za a jingine shi a zaure, mai shi kuma ya riƙa gaya wa mutane keke wahala ne. Wannan hasara ce gare ni da duk mai irin sana'ata.

Kekunan gwanjo da ake shigowa da su daga Turai suna da ƙwari, sai dai a duba su da kyau. Ina juya keken ƙafa sama, in kaɗa wili in ga ko yana rawa, in bi wuraren walda da yatsa ina neman tsaga, in canza giya ɗaya bayan ɗaya ina sauraren sarƙa. In giyar irin wadda ba a samun kayanta ba ce a Sakkwato ko Kano, ba na saye ko da an karya mini kuɗi.

Faci shi ne abincin yau da kullum. A ciro tiyub, a hura, a tsoma a ruwan kwano har kumfa ta nuna wurin, a goge da sanfefa, a shafa sholisho a bar shi ya sha iska kafin a manna. Yaran shago suna da gaggawa, sukan manna tun yana jiƙe, ina tsaye a kansu sai sun koya. Kafin a mayar da taya kuma dole a shafa cikinta da hannu a zare ƙayar, in ba haka ba mutum bai kai gida ba ta sake sacewa. Abu biyu nake roƙon mahaya: kada a ɗura iska har taya ta yi tauri sannan a ajiye keke a rana, tiyub fashewa yake, kuma a daina zuba baƙin man inji a sarƙa. Da hunturu ƙura tana manne masa, sai ya zama kamar dutsen niƙa yana cinye haƙoran giya. A wanke da kananzir, a ɗiga mai kaɗan, a share da tsumma. Masu kukan ciwon gwiwa kuwa, yawanci sirdi ne ya yi ƙasa. A ɗaga shi yadda in feda ta sauka ƙafa za ta kusa miƙewa.

Abin da yake hana ni barci shi ne titi. Tireloli da motocin shinkafa suna bin hanyar nan tun duhu bai yaye ba, gefen kwalta ya zaizaye, mai keke ba shi da wurin kaucewa sai yashi. Shi ya sa keke ba ya fita daga shagona ba tare da abin ƙyalli a baya da a feda ba, ko mai shi ya biya ko bai biya ba. Mai keke ya bi hannun dama tare da motoci, mai gudu kuma ya bi ɗaya hannun yana fuskantar abin da ke tahowa, ya bar baƙaƙen kaya a gida, ya cire abin kunne. Da hukuma za ta gyara kafaɗar titin daga Gwadangaji zuwa cikin gari ta sa fitilu, iyayen da suke zuwa su tambayi kuɗin keken makaranta su tafi don tsoro, da sun dawo sun saya.