Ƙanena da zauren zance

Ƙanena yana da shekara 34, kuma a tsawon rayuwarsa sau ɗaya tak ya taɓa zuwa zance. Sai da na nemi izininsa kafin na zauna rubuta wannan, ya amince bisa sharaɗin kada in ambaci sunansa ko unguwarmu. Yana da sana'a, domin gyaran na'urorin wutar sola yake yi, kuma abokan cinikinsa sun san ba ya ƙarya a kan kuɗin kaya, ba ya saɓa ranar da ya ɗauka. Yana da tattabaru fiye da 40 a bayan gida, kowace ya san ta, ya san abokin zamanta da ranar da ta fara kwanci. Sai da ya kai shekara 29 wani likita a asibitin koyarwa ya gaya mana cewa yana da lalurar otizim, wadda wasu ke kira galahanga, ko da yake wannan kalmar tana tattara lalurori daban-daban a wuri guda har ta ruɗa mutane.

Kafin zuwan wannan suna, mun riga mun ba shi sunaye da yawa. A gida shiru-shiru ne, a makaranta miskili, a wajen wasu dangi kuwa mai girman kai. An kai shi wajen ruƙiyya fiye da sau ɗaya, saboda yadda yake toshe kunnuwa ya fice idan aka kunna lasifika a gidan biki. Rashin kallon idon mutane, wanda a wasu ƙasashe yakan sa iyaye su garzaya asibiti da wuri, a wurinmu yabo ya jawo masa, domin yaron da ke sunkuyar da kai a gaban manya ai mai ladabi ne. Haka tarbiyyarmu ta rufe lalurarsa, ta kuma rufe mana ido daga ganin abin da yake fama da shi.

Daren da aka kai amaryar autanmu, wanda ƙanen nawa ya girma da shekara 8, na same shi zaune a kan bulo kusa da ɗakin tattabarunsa bayan kowa ya watse. Na ɗauka hayaniyar biki ce ta gajiyar da shi kamar yadda aka saba, sai na ce ya tashi ya shiga ya kwanta. Bai ɗago ba ya ce, "Yaya, kowa ya san yadda ake yi, ni kaɗai ne ba a koya wa ba." Na tambaye shi yadda ake yin me. Ya ce, "Yadda ake yi mutum ya so zama kusa da kai." Na kasa ba shi amsa, domin a wannan lokacin ne na gane cewa ni, da nake ganin na fi kowa saninsa, na yi shekaru ina gaya wa mutane cewa shi mata ba sa gabansa, zaman kaɗaici ya fi masa daɗi. Ban taɓa tambayarsa ba. Na kalli shirunsa na yanke hukunci, hukuncin kuma ya sauƙaƙa mini, tunda wanda ba ya so ba sai an wahala a kansa ba.

Daga baya na fahimci cewa wannan kuskuren tsoho ne, har a cikin sunan lalurar yake zaune. Kalmar otizim ta samo asali daga kalmar Girkanci mai ma'anar "kai", wato mutum ya koma cikin kansa. Likita Leo Kanner na asibitin Johns Hopkins a Amurka, wanda ya bayyana lalurar a 1943 bayan nazarin yara 11, ya ɗauki tsananin keɓe kai a matsayin babbar alamarta, kuma aka daɗe ana fahimtar haka da cewa masu ita ba sa buƙatar kowa. Sai da aka fara tambayar su da kansu lamarin ya sauya. Wani nazari da Nirit Bauminger da Connie Kasari suka wallafa a 2000 ya nuna cewa yara masu otizim suna jin kaɗaici fiye da sa'o'insu, kuma manya da yawa da suka rubuta labarin rayuwarsu sun faɗi abu guda: suna son aboki, suna son abokin rayuwa, hanyar ce take rufe musu.

A ƙasar Hausa wannan hanyar tana da suna, shi ne zance. Ban taɓa lura da irin nauyin da ke cikinsa ba sai da na dube shi da idon ƙanena. Saurayi zai tsaya a ƙofar gida ya aiki yaro ya ce ana sallama da wance, sannan ya san tsawon jiran da ya dace. Idan ta fito ta sunkuyar da kai, dole ya rarrabe tsakanin shirun kunya da shirun ƙi, alhali a ido kamarsu ɗaya. Dole ya iya hirar da ba ta da wani maƙasudi sai ita kanta, ya iya raha, ya gane habaici, ya san lokacin da ya kamata ya yi sallama kafin a gaji da shi. Duk waɗannan babu malamin da ke koyar da su, yara suna tsintarsu ne a dandali da majalisa ba tare da sun san suna koyo ba. Uwa-uba, al'adarmu ta kawaici ba ta yarda a ce wa mutum kai tsaye ba a son sa. Ana cewa ne ba ta nan, ko ta yi barci, ko sai ka ji daga gare mu, kuma ana sa ran mai hankali ya fahimta ya janye. Ga mai otizim, wanda kwakwalwarsa take ɗaukar magana yadda aka furta ta, wannan jarrabawa ce da aka rubuta da harshen da bai taɓa ji ba.

Zancensa ɗaya tilo haka ya kasance. Wani ɗan baffanmu ne ya raka shi gidan wata yarinya da ya daɗe yana gani idan ya je aiki a layinsu, ya gabatar da shi ya tafi. Ta tambaye shi abin da yake sha'awa, shi kuwa ya ɗauki tambayar da gaske. Ya bayyana mata cewa tattabara ƙwai biyu take yi, mace da namiji suna karɓa-karɓa wajen kwanci har kusan kwana 18, kuma dukansu biyu suke ciyar da 'ya'yan. Ya gaya mini cewa wannan shi ne abu mafi kyau da ya sani, shi ya sa ya ba ta shi. Bayan wani lokaci ta miƙe ta ce, "Ina zuwa." Ya zauna a zauren nan kusan awa guda, sauro na cizonsa, saboda ta ce tana zuwa. Sai wani yaro ya leƙo ya ce wai ta yi barci. Washegari ya tambaye ni wace rana ta fi dacewa ya koma da wuri, kafin lokacin barcinta. Ba na ganin laifin yarinyar ko kaɗan, domin ta yi abin da aka koya mata cewa shi ne mutunci. Amma da na fassara masa abin da ya faru, na ga yadda fuskarsa ta canza, kuma daga ranar bai sake ambatar kowace mace ba har shekara 7.

Na daɗe ina ɗauka cewa naƙasun duk a ɓangarensa yake, sai na ci karo da wasu bincike da suka gyara mini tunani. A 2017 Noah Sasson na Jami'ar Texas da ke Dallas tare da abokan aikinsa sun nuna wa mutane gajerun bidiyo na masu otizim da waɗanda ba su da ita. Cikin 'yan daƙiƙoƙi masu kallo suka nuna ƙarancin sha'awar hulɗa da masu otizim, amma da aka ba da rubutaccen abin da suka faɗa kawai, ba murya ba hoto, sai bambancin ya ɓace. Ashe ba abin da suke faɗa ne ke korar mutane ba, yanayin murya ne da motsin jiki. Wani bincikensu da ya biyo baya ya nuna cewa idan an sanar da mai kallo lalurar tun farko, kallon da yake yi wa mutumin yakan gyaru. Tun a 2012 Damian Milton, masani a Birtaniya wanda shi kansa yana da otizim, ya yi bayanin cewa rashin fahimtar daga ɓangare biyu take, domin kamar yadda suke kasa karanta mu, haka mu ma muke kasa karanta su. A 2020 kuma Catherine Crompton ta Jami'ar Edinburgh ta gwada haka da mutum 72, inda aka riƙa miƙa labari daga baki zuwa baki. Rukunin masu otizim zalla sun isar da labarin daidai da rukunin waɗanda ba su da ita, inda ya fi zubewa shi ne rukunin da aka gauraya.

Rashin aure a wurinmu kuwa ba ya tsayawa a rashin mata. Namijin da ya wuce shekara 30 bai aje iyali ba tuzuru ne, a taron dangi ba a neman shawararsa, ƙannensa masu aure sun zama manya shi yana nan a yaro. Abokai biyun da yake da su tun sakandare sun yi aure, hirarsu ta koma ta cefane da kuɗin makaranta, kuma a majalisa zolayar da ake yi masa da sunan wasa yakan kwana yana juya ta a ransa. Ya gwada Facebook saboda rubutu ya fi masa sauƙi, sai ya faɗa hannun wani asusu mai hoton mace da ya yi wata uku yana karɓar masa kuɗin kati. Abin da ke hana ni barci shi ne sanin inda irin wannan kaɗaicin yake kai wasu. Wani nazari da Sarah Cassidy ta jagoranta a Ingila a 2014, kan manya 374 da aka gano lalurarsu bayan sun girma, ya samu kashi 66 cikin ɗari sun taɓa tunanin kashe kansu.

Lamarin mata masu otizim kuma wani salo ne dabam, domin yarinya mai shiru da kunya kowa yana yabonta, sau da yawa ma ana aurar da ita da wuri. Kaɗaicinta a ɗakin miji yake farawa, inda za a ce ba ta da fara'a, ba ta iya da dangi ba, ba ta shiga mutane, har auren ya mutu ba tare da an san dalili ba. Wadda ta daɗe a gida kuwa sai a ɗora wa sammu ko aljani.

Da dangi suka ji cewa ƙanena yana son aure, maganin da suka kawo shi ne wanda na fi jin tsoro. Gwaggonmu ta ce a samo masa yarinya a ƙauye wadda idonta bai buɗe ba, kada a tsaya dogon bayani, in ya so aure zai warkar da shi. Na ƙi, har muka yi kwanaki ba ma ga maciji da ita. Otizim ba ciwo ba ne da aure ke warkarwa, haka aka halicci kwakwalwarsa kuma haka za ta zauna. Yarinyar da aka ɓoye wa gaskiya an cuce ta, shi ma an cuce shi, domin za a haɗa mutum biyu a ɗaki ɗaya kowanne yana cikin kaɗaicinsa. Duk da haka ban yarda a watsar da shiga tsakanin dangi ba, ina ma ganin a nan al'adarmu take da abin da za ta bayar. Na tuna wa kawunmu labarin Sahabi Julaibibu, wanda ba shi da dukiya ko dangin da ake ji da su, mutane kuma ba sa marmarinsa, amma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya nema masa aure da kansa a gidan wani mutumin Madina, yarinyar kuma ta amince tana sane da wanda za ta aura. Ba ina cewa lalurarsu ɗaya da ƙanena ba, abin da na ɗauka shi ne an tsaya masa, kuma ba a yaudari kowa ba.

Na san ba duk mai otizim ne ke son aure ba. Temple Grandin, farfesar kimiyyar dabbobi a Jami'ar Jihar Colorado, ta zaɓi zama babu aure ta kuma faɗi haka da bakinta. Donald Triplett, yaro na farko a nazarin Kanner, ya rayu shekara 89 a garin Forest na jihar Mississippi har ya rasu a 2023 bai yi aure ba, amma yana aiki a banki, mutanen garin sun san shi kuma sun riƙe shi nasu. Bambancinsu da ƙanena shi ne shi yana so, kuma ya faɗa.

Yanzu kowace Juma'a da daddare a gidana yake cin abinci, mijina kuma ya koyi tambayarsa labarin tattabaru ya saurara har ƙarshe. Kawu ya karɓi maganar neman auren, da sharaɗin da muka gindaya cewa za a faɗi lalurar tun a zaman farko. Gida na farko sun ce a'a, kawu ya dawo ya gaya masa haka ƙarara, shi kuwa ya ce ya gode da ba a bar shi yana jira ba. Ya zauna da kansa ya rubuta a takarda abin da yake so a gaya wa duk wadda za a nema masa: sana'arsa, abin da yake samu a wata, cewa ba ya iya zama a wurin kiɗa, cewa yana buƙatar awa ɗaya shi kaɗai idan ya dawo daga aiki. A layi na ƙarshe ya rubuta cewa ba ya gane fushi a fuska, saboda haka yana roƙon a riƙa gaya masa da baki, kuma zai gyara. Takardar tana aljihun kawu, wanda ya ce bayan Babbar Sallah zai je gida na biyu.