Man da ke maƙalewa cikin dutse

Yamai, Talata da dare.

Yau tun safe muna labo, zahi ba a magana, amma ban so aka tashi ba. Malam ya kawo muna karot biyu, wato guntaye masu siffar sanda na dutsen yashi, irin wanda ake cirowa daga rijiyar mai, ya ce an auna su, yawan ramukan da ke ciki kusan ɗaya ne, amma in ka cika su da mai ka turo ruwa ɗaya zai saki mai da yawa ɗayan ko ya riƙe abinshi. Muka sa siririn yanka a mikroskop, an ɗura mishi shuɗin roba don ramukan su hito, sai na ga dalili da idona. Na farko ramukan da hanyoyin da ke haɗa su duk girmansu ya yi kusa da juna. Na biyun manyan ramuka ne amma maƙogwaron da ke tsakaninsu ƙanƙane ƙwarai, kamar manyan ɗakuna masu ƴan mitsitsin ƙofofi.

Nan ne abin ya kama ni. In dutsen mai son ruwa ne, wato ruwa ya hi mai kama jikinshi, ruwan da aka tura ba ya kora man gaba ɗaya, jikin bango yake bi a hankali, in ya kai wurin matsatsin sai ya taru ya kumbura har ya tsinke man, shi ke nan ɗigo ya zauna tsakiyar babban rami ruwa ya kewaye shi ta ko'ina, kuma ba zai hita ba don kahin ya wuce maƙogwaron sai ya matse kanshi, ƙarhin da ake turowa daga sama bai kai ya sa shi haka ba. Ko ka daɗa ruwa wucewa kawai yake ta gehe. In kuma dutsen mai son mai ne sai man ya lihe jikin ƙwayoyin yashin. Ga laka da ke toshe hanyoyi, ga wuraren da dutsen ya hi sakewa, ruwa ya samu hanya mai sauƙi ya bi ya bar sauran ko taɓawa bai yi ba. Shi ya sa a duniya abin da ake iya cirowa bai cika wuce kashi ɗaya cikin uku ba, sauran na ƙasa.

Da marece Kawu ya iso da sitarni daga Damagaram, muna shan shayi na ba shi labari. Ya ce ɗana ni na ɗauka tabki ne a ƙasa ana zuƙa da tiyo har ya ƙahe. Na ce a'a Kawu, cikin dutse yake, ramukan ma ido ba ya gani. Ya ce to wanda ya rage na wa ne? Na ce namu ne mana, in an san yadda za a hiddo shi.

Tambayar tashi ce ta hana ni kwana. Tun 2011 ake haƙar mai a Agadem, gabashin Nijar, matatar SORAZ ta Damagaram na iya tace ganga 20,000 a rana, a 2024 aka fara hidda ɗanye ta bututun nan mai kusan kilomita 2,000 har Seme ta Benin. Kullum zancenmu ganga nawa ta hita da nawa aka saida, ban taɓa jin ana gardama a fada kan nawa za a bari a ƙasa ba, alhali rijiya in aka ja ta da gaggawa ruwa na iya rigan mai isowa. Akwai dabaru, a Daqing ta Sin sun daɗe suna sa sinadarin folima ruwa ya yi kauri ya share dutsen da kyau, wasu na tura sinadari irin na sabulu don ɗigon ya saki jiki ya wuce, wasu iskar CO2, amma ba wadda za ka zaɓa sai ka san ramukan dutsenka. Ina so wallahi a ce ƴan ƙasa ne ke auna karot ɗin Termit, yankin da rijiyoyin Agadem suke, da hannunsu.

Na tura wa malam saƙo a WhatsApp cewa kan wannan nike son yin memuwar ɗina, wato binciken gama karatu, ya ce in same shi ran Alhamis bayan azahar.