Ranar da na gane jimlar Faransanci iri huɗu ce

Wata shida na yi ina haddar kalmomin Faransanci, littafina ya cika taf, amma da na zo haɗa magana sai komai ya cakuɗe min. Sai ranar da malamarmu ta ja layi huɗu a allo ta ce duk abin da za ka faɗa a yaren nan ko labari kake bayarwa, ko tambaya, ko umarni, ko mamaki, wato déclarative, interrogative, impérative da exclamative, wallahi ranar na fara ganin hanya.

Ta labari ba matsala, "Musa mange du riz", Musa na cin shinkafa, shi ke nan. Ta mamaki ma haka, "Quelle chaleur !" irin yadda muke cewa kai, wannan zafi!

Tambaya ce ta ba ni aiki don hanya uku gare ta. Ko ka ɗaga murya kawai ka ce "Tu viens ?" kamar dai mu in mun ce za ka zo?, ko ka sa est-ce que a gaba, ko kuma ka juya kalmomin, aikatau ya zo a farko, "Viens-tu ?" wadda an fi gani a rubutu, kuma a nan ne wata t ke shigowa tsakani, "Parle-t-il ?", ba ta da wata ma'ana, don furuci ya yi daɗi ne kawai. Na daɗe ina nemo mata fassara.

Korewa kuwa har raina na ji daɗinta, ne da pas suna rungume aikatau tamkar ba da ba ɗinmu, "je ne sais pas", ban sani ba. Malama ta ce ita ba iri na biyar ba ce, riga ce da labari da tambaya da umarni duk ke iya sawa. A baki ma sau da yawa suna haɗiye ne ɗin, sai ka ji "je sais pas".

Umarni kam a Maraɗi na koye shi. Na shiga wani ofis na ce wa wani dattijo "donne-moi le papier", nahawu daidai, amma ya ɗago ya dube ni shiru, sa'an babana ne fa. Abokina ya ja ni gefe ya ce "donne-moi" salon tu ne, wato "kai" na tsakanin sa'anni, ba a yi wa babba tu sai vous na girmamawa, kuma gara ma ka mai da umarnin tambaya. Na koma na gaishe shi na ce "est-ce que vous pouvez me donner le papier, s'il vous plaît ?" Ya miƙo min takardar har da tambayata mutan gida.