Makon da injinmu ya tsaya saboda mutum ɗaya ya kwanta ciwo

Ina kula da wata ƙaramar maɗaba'a a Sabon Garin Zariya, kuma a farkon shekarar 2019 mu goma sha ɗaya ne muke aiki a cikinta. Duk wanda ya san wannan sana'a ya san cewa lokacin zaɓe shi ne kakarmu, domin fosta da kalanda da takardun neman ƙuri'a da ake bugawa a 'yan makonnin nan sukan rufe giɓin watanni da yawa. Ana cikin wannan hada-hada, saura kwanaki kaɗan a yi zaɓen shugaban ƙasa na watan Fabrairu, babban mai sarrafa injinmu, dattijon da kowa yake kira Baba, ya kwanta ciwo har aka ba shi gado a asibiti. Yara uku ne suke aiki a ƙarƙashinsa, ɗaya daga cikinsu ya shekara huɗu tare da shi, amma da na ce su tayar da injin su ci gaba, sai suka tsaya suna kallon juna.

Injin namu Heidelberg Kord 64 ne, tsohon ƙarfen Jamus mai buga launi ɗaya a lokaci ɗaya. Idan ana son hoto mai cikakken launi, dole takarda ta ratsa shi sau huɗu, a buga shuɗi da ja da rawaya da baƙi ɗaya bayan ɗaya, kuma kowane launi sai ya hau daidai kan ɗan'uwansa, in ba haka ba fuskar ɗan takara ta fito da idanu huɗu. Akwai kuma daidaita ruwa da tawada, wanda shi ne ran aikin: ruwa ya yi yawa launi ya koɗe, ya yi kaɗan tawada ta ɓata farin takarda. Yaran sun iya wanke rola, wato abin da yake shafa tawada a cikin injin, sun iya jera takarda da kwashe ta, amma waɗannan abubuwa biyu babu wanda ya taɓa sa hannu a kansu. Mun lalata rim shida a kwana biyu, wato takarda dubu uku, kafin na haƙura na kwashi ayyukan na kai wa wata maɗaba'a, na biya su daga ribar da nake sa rai. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma laifin nawa ne, domin shekara da shekaru ina ganin injin yana juyawa ban taɓa tambayar kaina ko mutum nawa ne suka iya juya shi ba.

Abin da na fara yi bayan zaɓe shi ne abin da yawancin manajoji suke yi, wato na biya kuɗi na tura biyu daga cikin yaran wani taron bita na kwana uku a Kaduna. Sun dawo da takardar shaida mai kyau da jaka da littafin rubutu, sun kuma dawo kan wankin rola kamar jiya. Ba na cewa bita ba ta da amfani, amma abin da aka ji a ɗakin taro yakan bi iska idan mutum ya dawo wurin aikin da ba a ba shi damar gwadawa.

Da Baba ya warke ya dawo, sai na riƙa zama a ɗakin injin ina lura, kuma a cikin mako guda na gano inda gizo yake saƙa. Duk lokacin da za a ɗaura filet, wato farantin da yake ɗauke da hoton da za a buga, a daidaita launi, sai Baba ya aiki ɗaya sayen abinci, ya tura ɗaya ɗauko takarda a sito, na ukun kuma ya sa shi shara. Kafin su dawo an gama saiti, injin yana gudu. Raina ya ɓaci ƙwarai, amma na san cewa mutumin da ya girme ni da shekara ashirin ba a yi masa magana a gaban yaransa, saboda haka na bari sai ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci na bi shi gida a Tudun Wada. Bayan mun gaisa na ce, "Baba, ku yi haƙuri da tambayar da zan yi muku, me ya sa yaran nan ba su iya saiti ba har yanzu?" Ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya ce, "Manaja, ni shekara bakwai na yi ina shara kafin maigidana ya bar ni na taɓa filet. Kuma da idona na ga yadda aka sallame shi bayan ya koya wa wani yaro, saboda yaron zai karɓi rabin albashinsa. Ina da iyali. In na koya musu, me zai hana ka yi mini haka?"

Wannan magana ta canja mini fahimtar matsalar gaba ɗaya. Na je gidansa da tunanin cewa rowa ce ko girman kai, ashe tsoro ne, kuma tsoro mai dalili. Duk tsarin horarwa da zan zana a takarda ba zai yi aiki ba muddin wanda ilimin yake hannunsa yana ganin koyarwa tamkar haƙa wa kansa rami ne. Na je wurin mai maɗaba'ar na shawo kansa, da ƙyar kuwa, muka rubuta wa Baba takarda cewa matsayinsa ya zama shugaban sashen bugu da horarwa, da ƙarin alawus na koyarwa kowane wata, da kuma wani tukuici da zai karɓa duk ranar da yaro ya buga aiki mai launi huɗu shi kaɗai aka karɓa ba gyara. Daga ranar, ci gaban yaran ya zama riba gare shi.

Sai dai iya aiki daban, iya koyarwa daban. Baba ya shekara fiye da talatin yana jin lafiyar injin da kunne, amma in ka tambaye shi dalilin da ya sa ya rage ruwa sai ya ce, "Ba ka gani ba ne?" Da yaro ya yi jinkiri kuma sai ya ture shi ya karɓi aikin. Muka yi yarjejeniya a kan tsari mai sauƙi: zai yi aikin sau ɗaya yana faɗin abin da yake yi da baki, zai sake yi yaron yana faɗa masa mataki na gaba, sannan yaron ya yi da hannunsa, shi kuma Baba ya tsaya hannuwansa a baya. Wannan na ƙarshe shi ya fi ba shi wahala, har wata rana na same shi ya cusa hannu biyu a aljihu yana cije leɓe. Mun ware yammacin kowace Alhamis bayan sallar Azahar domin gwaji, muna amfani da bayan takardun da suka lalace, kuma na sa a cikin lissafin wata cewa rim biyu na koyo ne, ba za a cire wa kowa ko sisi a kansu ba. Da a ce ana cire wa yaro kuɗin takardar da ya ɓata, da babu wanda zai yarda ya gwada.

Mun kuma ajiye babban littafi kusa da injin, inda ake rubuta kowace matsala da dalilinta da yadda aka magance ta, a manna takardar da ta lalace a gefe. A cikinsa ne yaran suka gano da kansu cewa da damina takarda tana shan danshi ta ɗan buɗe, shi ya sa launi na uku da na huɗu suke gocewa idan aka bar aiki ya kwana tsakanin bugu da bugu, da hunturu kuma bushewa takan sa takardu su manne da juna, ƙura ta bar ɗigo a kan hoto. Baba ya san duk wannan tun kafin a haife su, amma bai taɓa furta shi ba sai da littafin ya tilasta masa. Ɗaliban da suke zuwa mana sanin makamar aiki a ƙarƙashin shirin SIWES, wanda hukumar ITF, wato asusun horar da ma'aikatan masana'antu da aka kafa a 1971, take kula da shi, su ma sun amfana. A da, ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello da na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Nuhu Bamalli sukan zo mana su zauna a benci, mu sa musu hannu a littafinsu ƙarshen mako. Yanzu kowane ɗalibi ana haɗa shi da ma'aikaci ɗaya tun ranar farko, kuma ba na sa hannu sai ya nuna mini abin da ya yi.

Ni ma sai da na gyara halina. Ina da saurin faɗa, kuma na saba in ɗaga takardar da ta lalace a gaban kowa ina tambayar wanda ya yi wannan aika-aika. Sakamakon haka shi ne yara suka koyi ɓoye kuskure a ƙasan tarin takardu, sai mai aiki ya kai gida ya gano. Na koma kiran mutum ofis shi kaɗai, in ajiye takardar a gabansa in tambaye shi abin da yake gani ya jawo haka da abin da zai yi dabam gobe. Sau da yawa amsar tana bakinsa, kuma wadda ya faɗa da kansa ba ya mantawa. Yabo kuwa a gaban jama'a nake yinsa.

Inda na sake yin kuskure shi ne wajen naɗa mai kula da ma'aikata. Na ɗauki yaron da ya fi kowa ƙwarewa a injin na ɗora shi a kan sauran, a zatona gwanin aiki shi ne gwanin shugabanci. Cikin wata biyu ya ɓata da kusan kowa, domin ba ya iya raba aiki, komai sai ya yi da kansa, in an yi kuskure kuma ya yi fushi. Wadda ta dace da matsayin tana sashen ɗinkin littattafai ban lura da ita ba, wata baiwar Allah mai takardar sakandare wadda tun da daɗewa ita ake kai wa ƙara idan an sami saɓani, ita ce kuma take sanin wanda ɗansa ba shi da lafiya. Na fara ba ta tsara jadawalin mako, sannan karɓar aiki daga masu kawowa da yi musu lissafi, ina zama da ita rabin awa kowace Litinin muna duba abin da ya faru. Wasu daga cikin mazan sun yi gunaguni da farko, amma da suka ga aiki yana fita a kan lokaci kuma ba a tauye kowa wajen rabon kuɗin ƙarin lokaci, maganar ta mutu. Shi kuma gwanin na mayar da shi kan injinsa da ƙarin albashi, ba tare da na kunyata shi ba.

Akwai tambayar da mai maɗaba'ar ya yi mini tun farko, cewa idan muka horar da su suka tafi fa? Sun kuwa tafi. Wanda ya shekara huɗu yana wankin rola, bayan ya ƙware, ya sami aiki a Kano da albashin da ba za mu iya biya ba, kuma ba zan ɓoye ba, na ji zafi. Baba ne ya ce mini a sana'a yaro ba ya tabbata a gaban maigidansa, yaye shi ake yi a sa masa albarka. Muka haɗa ɗan ƙaramin walima, aka yi addu'a, ya tafi. Zariya gari ne da ya daɗe da wannan al'ada a harkar ɗab'i, tun daga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara a 1939 da Kamfanin Gaskiya da aka kafa a 1945, inda mutane da yawa suka koyi aiki suka bazu a Arewa. Bayan shekara biyu yaron ya fara turo mana ayyukan da suka yi wa wurinsu yawa, ya kuma turo ƙaninsa ya koya a hannun Baba.

A zaɓen 2023 mutum uku ne suke karɓa-karɓa a kan injin dare da rana. Baba yana zaune a kujerar roba kusa da inda takarda take fita, da gilashinsa a hanci, yakan zaro ɗaya daga cikin kowace ɗari ya ɗaga ta wajen haske, in ya ga abin da bai yi masa ba ya kira yaron ya miƙa masa ita ba tare da ya ce komai ba, ya jira ya ji abin da yaron zai faɗa.